Ambulan Ɗana Ta Raba Ni da Yayana

Baji Shagufta, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Wata huɗu ke nan abu ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi haɗiyuwa, ya ƙi fita.

Ni tsohuwar malamar firamare ce a Gujranwala, mijina ya rasu shekara shida da suka wuce. Ɗa namiji ɗaya gare ni, Taukir, akawu ne a wata masana'antar tukwane, tare muke zaune da shi da matarsa. Tun da ya samo wani shafi na kyauta a intanet mai tsara wa mutum yadda zai kashe kuɗinsa, gidanmu ya koma ofis. Katin fanshona yana aljihunsa. In na sayi kindirmo na rupi ɗari sai na faɗa ya shigar. Ganyen shayi da layinsa, gas da layinsa, har maganin gwiwata da nasa layin, kuma da an wuce iyaka sai layin ya yi ja, ya juyo mini da wayar kamar ya kama ni da sata. Ni da na shekara talatin da ɗaya ina koya wa yara lissafi! Ba zan ci haƙƙinsa ba, tun da ya fara ba a sake yanke mana wuta ba. Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Akwai littafin nyondra na bikin 'yata, inda aka rubuta gudunmawar da kowa ya kawo mana. Wata rana Taukir ya gan shi a akwatina, ya kwashe sunayen kaf ya zuba a shafin nan, a ƙarƙashin bashin da ake bin mu. Na gani, na yi tsaki kawai, na wuce. Yau ina cizon yatsa.

Yayana Inayat, mu biyu kaɗai muka rage a ɗakinmu. A bikin 'yata dubu ashirin da ɗaya ya ajiye, alhali lokacin shagonsa na tangal-tangal. Da ya tashi aurar da autarsa, na ce wa Taukir ya sa dubu ashirin da biyar a ambulan ya kai teburin maza inda ake rubutawa, ni ina ɓangaren mata da gwiwata. Ashe ya duba wayarsa, wayar ta ce ashirin da ɗaya ake bin mu, shi ma ya sa ashirin da ɗaya cif. Baji, wa ya taɓa rama nyondra daidai wa daida? Ai ɗorawa ake yi, ko da ɗari biyar ce, don gobe wancan ma ya ɗora. Wanda ya mayar maka da abinka cif, cewa ya yi kada ka sake taka ƙofarsa. Kowa ya san wannan, ban da ɗana mai digiri.

Bai tsaya nan ba. Ya riƙe hannun kawunsa a gaban surukai yana washe baki, ya ce, "Kawu, yau dai mun fita, babu ko sisi tsakaninmu." Yaya ya dube shi ya ce, "Madalla. Ka gaya wa uwarka saƙonta ya iso."

Tun rasuwar mahaifinmu, Sallah ba ta taɓa wucewa Yaya bai zo mini da yadi da kwalin alawa ba. Bana na dafa taliyar madara da yake so, na zauna har la'asar, bai zo ba. In na buga waya, matarsa ce ke ɗauka, wai yana masallaci. Da ƙarfe goma na safe! Shi kuwa Taukir cewa yake, "Ammi, alheri fa na yi masa, wa ke son bashi?" Na daina cin abinci tare da shi. Wallahi ina jin haushin yaron nan, ina jin haushin Yaya da ya yarda zan yi masa haka, na fi jin haushin kaina. In je in ba da haƙuri a kan abin da ban aikata ba, ko in bar shi da fushinsa? Ya kusa saba'in, ga ciwon sukari.

Wadda aka kai saƙo da sunanta ba ta sani ba,
Gujranwala

*

Malama, na ji ciwonki, kuma kina da gaskiyar jin sa. Amma bari mu raba laifin nan, don ba na mutum ɗaya ba ne.

Shafin bai san kawu ba, bai san biki ba. An ce masa bashi ne, ya ce a biya. Taukir ya yi wauta, ya kuma ƙara da surutu, sai dai ban ga mugunta a ciki ba. Yaron da ya tsare gida daga yankan wuta ba maƙiyinki ba ne. Ke kuma kin ga ya mayar da zumunci bashi, kika tsaya a tsaki. Kin koya wa 'ya'yan mutane lissafi, wannan lissafin ne ba ki zaunar da naki kin koya masa ba. Yayanki ma ya yi gaggawa, ya san ƙanwarsa fiye da haka. To amma a gaban sababbin surukansa aka yi masa, ki yi masa uzuri.

A gida, ki karɓi katinki. Fanshonki guminki ne. Ki ba Taukir abin da kuka amince na cefane, ya ci gaba da tsarinsa, don yana da amfani. Sunayen littafin nan ya goge su daga cikin bashi, ya buɗe layi na zumunci, a riƙa ajiye wani abu duk wata, kuma ke ce mai cewa nawa za a fitar.

Kada ku tura wa Yaya cikon kuɗi ta waya, ƙara zagi ne. Kada kuma ki jira wani biki, autarsa ce ya aurar. Ranar Juma'ar nan ki sa Taukir ya ɗauki alawa da kayan amarya, ku tafi ba sanarwa. Shi zai yi magana da bakinsa, ya faɗi abin da kika ce ya sa da abin da ya sa. Ba haƙuri za ki je bayarwa ba, gidan ubanki za ki je, tunda yaya shi ke zama uba in uba ya tafi. In an ce yana masallaci, ki nemi kujera ki zauna a tsakar gida. Kowace salla tana da sallama, kuma ban ga dattijon da zai tsallake ƙanwarsa mai ciwon gwiwa ya shige ɗaki ba.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba ku tsawon ran da za ku ci abinci a faranti ɗaya.

Baji Shagufta