Riƙon Dudu

Yauri.
Yaya Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da Inna da mutanen Wara. Ranar Litinin maigidana Jabiru zai kai ni Birnin Kebbi hoton mahaifa. Likita ta ce za a zuba wani ruwa a mahaifata, a duba a na'ura ko yana wucewa ta hanyoyi biyun da ƙwai ke bi. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Dudu ta fidda haƙori, tana ta nuna wa maƙwabta giɓinta.

Ƙanwarki,
Khaulat.

Wara.
Khaulat 'yar Inna,

Wa'alaikumus salam. Ke dai da sanyin rai, kamar ba ke za a duba ba! Allah sa hanya a buɗe take. Amma gara ki ji daga bakina. Baban Dudu ya ce mun ba ki riƙon ɗiyarmu tun yaye don ana zaton ba ki haihuwa. In an ce a toshe take, Dudu taki ce har aure. In a buɗe take, naki na tafe, sai ki maido mana tamu. Na yi magana, bai saurara ba.

Yayarki,
Hamdiyya.

Yauri.
Yaya,

Bayan gaisuwa, an yi. Gadon ƙarfe ne mai sanyi, marata ta murɗa kamar ciwon al'ada. Na ga ruwan a allo yana tafiya siriri, ya fita dama, ya fita hagu. Nas ta ce, "Barka, duka biyun lafiya lau!" Jabiru har da sayen balangu a tasha. A mota na yi tunanin in rubuto miki ƙarya, amma kafin mu kai Koko ya riga ya buga wa kowa waya. Ba ciki aka ba ni ba, Yaya, hoto ne a leda. Ki gaida Inna.

Khaulat.

Wara.
Khaulat,

Salamu alaikum. Inna ta yi guɗa, ni kuwa na kasa. Sufyanu ƙanen baban Dudu zai zo ɗaukarta da jirgin ruwan ranar kasuwa. Ki yafe mini.

Hamdiyya.

Yauri.
Yaya,

Ina gaisuwa. Ga Dudu nan, na ce mata hutu za ta je. A riƙa cire mata ƙayar kifi, ba ta iya ba. Inna take ce mini; in ta kira, ki amsa, ko da ba ke take nufi ba.

Ki huta lafiya.
Khaulat.