Almakashin Babanki

Oktoba

Zuwa ga 'yata Rositsa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jikana Boyan, da tsohuwar nan ta Sifen da kike jinya. Yaya ƙafafunki da yawan tsayuwa? Mu nan mun gode Allah. Na ba direban motar Asabar wannan wasiƙa tare da kwalaben miyar tattasai, don in na ga fuskarki a waya kuka ke riga ni magana.

Takardar kwamitin likitoci ta zo. Sun ce ciwon babanki bai kai a ba shi mai kula da shi ba. Kada ki zagi kowa tukuna, bari ki ji abin da ya yi.

Kin san tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye muke jiran a kira mu. Ashe shi ma shiri yake yi. Kullum na tafi shago sai ya jingine sanda, ya yi ta gwajin tafiya daga gado zuwa murhu. Ranar zuwa ganin kwamitin a birnin Plovdiv ya sa na goge masa kwat ɗin da ya sa a bikinki, na yi masa aski. A ƙofar ɗakin likitoci ya miƙo mini sandar, ya ce, "Riƙe nan, Stoina, ba bara na zo ba." Ya shiga da 'yan takun da ya haddace. Babban likita ya ce, "Baba Dinko, yaya jiki?" Ya ce, "Garau, Dakta, ku ne dai da aiki." Aka tambaye shi ko yana iya wanka da kansa. Ya dubi matar da ke rubutu, ya ce rabonsa da a yi masa wanka tun yana goye. Ni kuwa da nake cicciɓo shi daga baho har bayana ya ƙi miƙewa, ina tsaye da sanda kamar mai kiwon awaki.

Muna fita ya zube a benci, gumi ya jiƙa kwat ɗin sharkaf. Ya ce, "Kin gani? Ban ba ki kunya ba." Na so in rafka masa sandar, sai na tsinci kaina ina share masa goshi. Mutumin da ya yi rufin rabin gidajen ƙauyen nan, ta yaya zai ce wa baƙi ba ya iya ɓalle maɓallin wandonsa? Haushinsa nake ji, kuma ban taɓa ganin namiji kamarsa ba.

Mun ɗaukaka ƙara zuwa Sofiya, babban birni. An ce mu yi haƙuri, wasu sun shekara suna jira.

Ki sumbaci Boyan a madadina.

Mamanki,
Stoina

Janairu, bayan shekara guda da wata uku

'Yata Rosi,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata sanyi bai taɓa ku ba, kuma tarin Boyan ya tafi. Mu nan dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Babanki yana cin abinci, bakinsa kuma bai mutu ba.

Na ji abin da kika ce ranar Kirsimeti, kuma ban ga laifinki ba. Kin ce in shamuwa ta dawo kan hasumiyar coci ba mu sami mai taimako ba, za ki zo ki sayar da gidan ki tafi da mu. Gaskiyarki ce. Sama da shekara ke nan muna jiran Sofiya, bayana kuma ya kusa gamawa. Makon jiya mun faɗi tare a banɗaki, muka zauna a ƙasa muna kallon juna har na sami ƙarfin tashi. Ya hana ni kiran maƙwabcinmu Petko, wai kada ya ga tsiraicinsa.

Jira ya zame mana sana'a. Ginka mai kawo wasiƙu ta daina tsayawa a ƙofarmu, daga kan keke take ɗaga mini hannu, ni kuma na gane. Kin tuna Baba Marin mai ƙudan zuma, wanda muka shigar da ƙara tare? Takardarsa ta iso bayan an yi addu'ar arba'in ɗinsa. Matarsa ta kai masa kabari ta karanta masa. Amma ko sau ɗaya ban ji babanki ya yi ƙorafi ba. In na fara tsine wa mutanen birni sai ya ce, "Bar su, tsohuwa, layi ne, akwai waɗanda suka fi ni a gaba."

Na gaya masa maganarki. Ya ja kujera zuwa taga, ya wuni yana kallon kurangar inabin da mahaifinsa ya dasa. Da yamma ya ce, "In an kai ni bene na shida a Sifen, daga can za a sauko da ni a akwati." Na san ba barazana yake yi ba.

Bari in gaya miki yadda muka yi ranar Waliyyi Trifon ta bara. Kin san maza za su bi gida gida, kowane maigida ya datse rassan farko da hannunsa, ya zuba ruwan inabi a gindin kuranga. Tun da sassafe ya sa ni na datse, shi kuma ya zauna da almakashin a cinya kamar yanzu ya gama. Petko ya dubi yankan, ya ce, "Kai tsohon jaki, hannunka ya koma na mata." Suka yi dariya, kowa ya gane, ba wanda ya tanka.

To, jiya Ginka ta sauko daga keke. Sofiya ta soke hukuncin farko, za a turo likita ta duba shi a gida. Ranar da aka sa ita ce ranar Trifon, lokacin da tsakar gidanmu zai cika da maza. Ya riga ya tambaye ni ko asu bai taɓa kwat ɗin ba. Rosi, tsoro nake ji.

Ki sa mu a addu'a.

Mamanki,
Stoina

Fabrairu

'Yata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Boyan. Ina fata uwar ɗakinki ta sami sauƙi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar Trifon na tashi zan ɗauki almakashi in yi irin ta bara, sai babanki ya ce in bari. Na fito da kwat ɗin ina gunaguni, ya ce in mayar. Tsohuwar rigar sanyinsa ya sa, wadda miya ta ɓata a ƙirji, ya ce in kafa masa kujera a ƙarƙashin kuranga. Na ce a raina ko me tsohon nan yake ƙullawa.

Likitar ta iso da hantsi, yarinya ce sa'arki, Dakta Velinova. Ba ta gama cire safar hannu ba sai ga su Petko da goransu da waƙarsu. Ta ce ko mu shiga ciki. Babanki ya ce, "A'a, 'yata, nan ya fi haske."

Ya sa na ɗora masa almakashin a hannun dama. Ya kai shi jikin reshe, ya matsa, ya sake matsawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, almakashin bai ko motsa ba. Daga baya ya suɓuce ya faɗa cikin ƙanƙara. Waƙa ta tsaya. Sai ya ce, "Dakta, rubuta. Hannun nan ya mutu. Ba na iya wanka, ba na iya sa wando, matar nan ce take ɗaga ni kamar buhu, kuma na kusa karya ta. A Plovdiv ƙarya na yi muku." Ya juya wajen mazan, ya ce, "Bara ma ita ta datse, kun sani, munafukai."

Petko ya sunkuya ya ɗauki almakashin, yana ta goge shi a wando. Babanki ya ce, "Tsaye za ka yi? Datse mini. Ka bar ido biyu a kowane reshe, ba irin aikin da kake yi wa taka ba." Petko ya ce, "Yi mini shiru, tun kana cin ƙasa nake datsa." Da ya gama, babanki ya zuba ruwan inabin da hannun hagu, rabi a gindi rabi a takalmin likita, ya ce, "Petko, ran Asabar ka zo ka taya ta yi mini wanka. Ka zo da ƙarfinka, ba ni da sauƙin ɗauka."

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai ranar na ga abin da hakan ke ci wa mutum. Na ga babanki a kan rufin coci iska na kaɗa shi, na gan shi ya ɗauko ki a kafaɗa cikin ambaliya, ban taɓa ganin ya yi abin da ya kai wannan wuya ba. Da kowa ya watse na tambaye shi me ya sauya masa ra'ayi. Ya ce ranar da muka faɗi a banɗaki ya ga fuskata.

Likitar ta duba shi sosai a ɗaki, ta ce za ta rubuta abin da ta gani. Ta kuma gaya mini gaskiya, takardar na iya kaiwa bayan Ista, ko fiye. Wato shamuwa za ta riga ta isowa. Amma Petko ya zo ran Asabar, ɗansa ya zo ran Laraba, daga kicin ina jin su suna zage-zage ruwa na fantsama. Yanzu ina barci ba ciwon baya, abin da har na manta rabona da shi.

Saboda haka ina roƙonki ki bar maganar sayar da gida. Babanki yana nan kusa da ni, ya ce in rubuta miki haka: kada ki sayi tikiti sai inabi ya nuna, kuma ki zo da Boyan, don yana so ya koya masa riƙon almakashi tun bakinsa na aiki.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mamanki mai ƙaunarki,
Stoina