Ba a sauya lambar akwatin nan

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya Hadiza da yara? Mu nan Sabon Gari lahiya lau. Rabi matar ƙanenka ita ka rubuta mani wannan takarda, na ce kada ta rage komi.

Ran Juma'a muna cikin magana ta bidiyo hotonka ya sandare, bakinka buɗe. Wallahi na zaci wani abu ya same ka, sai salati nika yi. Rabi ta ce kwamfutoci ne sunka yi yawa bisa akwatin intanet da ka aiko: ta ƙanenka, ta maƙwabcinmu Malam Isa, da ta ɗiyar Maman Ngozi mai karatun jinya.

Na ji saƙonka, wai a sauya lambar sirri a kore su. Ban yarda ba! Gidan Maman Ngozi nika ɗebo garwashi tun kana goye, ba ta taɓa ɗaure mani fuska ba. Na dai ce masu Juma'a bayan la'asar, lokacin kiranka, kowa ya kashe kwamfuta tashi, sun amsa.

Ina tsoron ka janye akwatin in daina ganinka, amma in ka janye, sai ka tako Gusau da ƙafarka in gan ka.

Ka sa mu addu'a. Gaida Hadiza.

Innarka