Ludayin Farko Na Nan, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Gaisuwa da ladabi daga 'yarki Saratu, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa.

Rumfar man gyaɗa da kika kafa wa matan unguwarmu a Kaura Namoda ba ta mutu ba. Har inji muka samu, mun huta da turmi. Amma akwai laifin da na yi, gara ki ji shi daga bakina.

Kin tuna ƙa'idarki: duk matar da ta matse mai, ludayin farko na koriyar kwalbar nan ne da ke rataye a ginshiƙi. Baƙuwar da ta zo hannu rabbana, ita ke ɗauka ta fara sana'a. Kullum kina cewa, "Kada ku tambaye ta labarinta, ku miƙa mata."

To, da aka ɗora ni a gurbinki, kai ya kumbura. Na ce wannan ɓarna ce, gyaɗa ta yi tsada, na hana zubawa. Inna Tumba, ƙawarki, ta dube ni sama da ƙasa ta ci gaba da murza ƙuli.

Rannan da hantsi wata mata ta iso daga Galadi, goye da jariri, rashin tsaro ya raba ta da gida. An faɗa mata nan ake ba baƙuwa mai. Na sauko da kwalbar, wayam, har gizo-gizo a bakinta. Wallahi Inna, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Tumba ta miƙe. Ta karɓe kwalbar ta zuba nata, sauran mata suka bi layi. Ni na zuba na ƙarshe.

Yanzu matar, Habi sunanta, ƙosai take toyawa kusa da tasha, ta kama ɗaki, ta shigo cikinmu. Ranar da ta fara matsar nata man, ba wanda ya tuna mata. Ta miƙe da ludayinta ta nufi ginshiƙi. Na juya baya na share hawaye da gefen mayafi, ina kewarki ƙwarai.

Ki kwantar da hankalinki, Inna. Muddin ina numfashi, kwalbar nan ba ta sake bushewa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa kowane ɗigo ya same ki a can.

'Yarki da ta yi hankali,
Saratu