Jirgin Agwagwa Yana Jin Ƙishirwa

Asabar, 2 ga Maris

Na ɗaga tamfol na duba jirgin kamar kowace Asabar. Tsagar gefen hagu ta ƙaru. Watan jiya farcena kawai ke shiga, yau ɗan yatsana ya shige.

Ban gane ba. Tun da ƙanena ya rasu na sa aka turo kwale-kwalensa a amalanke daga bakin kogi zuwa tsakar gida. Na ɗora shi kan bulo don kada ya taɓa ƙasa, na rufe shi ruf. Duk daminar bara ko ɗigo bai same shi ba. Me kuma na rage?

Litinin, 4 ga Maris

Aiki. Sababbin kwalayen magani sun iso sito, na jera su nesa da bango saboda danshi. Kowane kwali abu ɗaya yake cewa: a ajiye a busasshen wuri. Rabin rayuwata a kan wannan umarnin na yi ta.

Har yanzu zagayawa nake ta bayan ɗakin wanki don kada in bi ta ƙofar ɗakin jinyar maza. Gadon da ke kusa da taga. Tun yana yaro muke tsoron ruwa zai cinye shi, har muka sa masa Agwagwa, sai ga shi zazzaɓi ya ɗauke shi a kan busasshen zanen gado, a asibitin da nake aiki. Ni na miƙo maganin da hannuna. Daidai ne, na duba na sake dubawa. Duk da haka.

Alhamis, 7 ga Maris

Kafinta ya zo. Ya ƙwanƙwasa, ya leƙa, ya ce shi ƙofa da taga ya sani, amma zai iya buga faci ya shafe da kwalta. Ya ƙara da cewa katakon mai kyau ne, in an farke shi za a sami benci biyu. Na raka shi har waje, ban ba shi ruwa ba ma. Rashin kirki ne, na sani.

Juma'a, 8 ga Maris

Wata tsagar a ƙasan jirgin.

Lahadi, 10 ga Maris

Gidan nan daga ni sai Inna, kuma maganarmu ba ta wuce "ka ci abinci?" da "kin sha magani?" Da can ƙanena ne bakin gidan. Ya shigo wando a naɗe, yana ɗigar da ruwa har cikin ɗaki, yana ƙarnin kifi, yana cewa, "Ina Malam Busasshe? Yaya, zo ka ga tarwaɗa mai gashin baki irin naka." Ni kuma in bi bayansa da tsumma ina mita.

Ba abin da bai yi ba don in shiga jirgin nan. Kullum ina da dalili: takalmi, mura, aiki. "Yaya, ba sukari ba ne kai, ba za ka narke ba."

Yau na tsinci kaina ina goge simintin da ba wanda ya jiƙa.

Talata, 12 ga Maris

Ina durƙushe ina cusa tsumma a tsagar, sai Inna ta yi magana ta taga.

"Ƙishirwa yake ji."

Na ce, wa?

"Jirgin mana. Itacen ruwa ne. In Auta zai yi tafiya, ba ka ga duwatsu yake zuba masa ya nutsar da shi a gefe ba? Katakon ya sha, ya kumbura, ya matse. A tudu bushewa yake ya tsage."

Na gani kuwa. Na taɓa tarar da shi yana yi, na ce ɓarna ce, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ban tambayi dalili ba, na ɗauka cikin shirmensa ne.

Na ce, Inna, kin sani tuntuni, kika bar ni ina ta rufe shi?

Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. "In na buɗe taga da safe ina ganinsa."

Na zare tsumman daga tsagar.

Laraba, 13 ga Maris

In ya zauna zai zama itacen wuta. In ya tafi me Inna za ta gani ta taga? Ni fa, me zan yi da Asabar?

Wataƙila ma na makara.

Juma'a, 15 ga Maris

Ita ta yanke. Ina ɗaura takalmi ta ce, "Mai da shi. Da Auta ya ga abin da muka yi wa jirginsa da ya yi mana tsiya." Har ta ɗan murmusa.

Asabar, 16 ga Maris

Mai amalanken da ya kawo shi shi ya mayar. Duk hanya yana tsokanata, wai bai taɓa ganin jirgin da ya yi jinya a gida ba.

Rabona da bakin kogi tun ranar da aka ɗauko jirgin. Turkensa yana nan, da guntun shuɗiyar igiya. Masunta suka taso suna gaisuwa, "Yayan Agwagwa, ya haƙuri?" Suka kama muka tura. Na cire takalmi, na naɗe wando, na ɗebo duwatsu da kaina. Taɓo ya shiga tsakanin yatsuna, sanyi har cikin haƙori.

Ruwa ya riƙa shiga ta tsagogin, a hankali, har ya rufe wurin zaman ƙanena. Wannan ne ban shirya masa ba. A maƙabarta ban yi kuka ba, ina ta lura da wanda bai sami wurin tsayawa ba. Yau sai da wani dattijo ya riƙe mini kafaɗa.

Lahadi, 17 ga Maris

Bulo da tamfol kawai a tsakar gida. Inna ba ta buɗe taga ba.

Laraba, 20 ga Maris

Na biya bakin kogi bayan aiki, don in tabbatar igiyar ba ta kwance ba. Hancin jirgin kaɗai ke leƙowa. Ƙananan kifaye suna shiga suna fita.

Inna ta tambaye ni ko ruwan ya ja baya. Na ba ta labari, har da na mai amalanke. Mun kai magariba muna hira.

Asabar, 30 ga Maris

Mun kwashe duwatsun, mun kwarfe ruwan da ƙwarya. Tsagar hagu ta haɗe, farcena ma ba ya shiga. Ta ƙasa tana ɗan tsattsafo, sun ce a haka yake tun yana hannun mai shi.

Na shiga. Dubawa kawai, dole wani ya duba daga ciki. Yana ɗaure a turke, ban je ko'ina ba. Ya yi ta lilo, na riƙe gefe da hannu biyu, masunta suna dariya. Na zauna a wurinsa har wandona ya jiƙe.

An ce jirgin da ba a hawa ma lalacewa yake. Filafilinsa na tuƙi dai yana gida bayan ƙofa, da dare na ɗauko shi na goge.

Da na dawo na ɗiga ruwa tun daga zaure har ƙofar Inna. Na je ɗauko tsumma, ta ce in bar shi.