Kwalbar Kuzari

Yaya Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Yaya karatu da sanyin Ingila? Inna da mutanen Ƙofar Atiku suna lafiya.

Maigidana ya ga na yi sukuku, ya sayo mini kwalbar magani mai rubutun "vigour". Ya ce ma'anarsa kuzari, wai Turawa sun gaji kalmar daga Rumawan da. Ina sha kullum, amma ina zan kai kuzarin, daga ɗaki sai madafa? Mutanen cikin littattafaina suna ta ƙetare teku, ni ko gulbin Rima ban gani ba tun biki.

Yana jin maganarka, Yaya. Ka roƙe shi ya bar ni in shiga ajin mata. Ka sa ni cikin addu'a, ka gaida abokan zamanka.

Ƙanwarka,
Hadiza