Hannun Daman Rabi

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma sai dai in karanta maka, ka ce boko ya ja abin da baki zai faɗa a numfashi ɗaya.

Gida lafiya. Gero ya ɗan yi bana, gyaɗa kuwa tun fari ba ta farfaɗo ba. Inna ta rage ji, amma ba ta rage faɗa ba.

Maganar jikarka Rabi ce. Ta faɗo daga amalanke a hanyar Yekuwa, ta karye a gwiwar hannun dama. Ni da nake koya wa yaran makarantar lakwal sunayen ƙasusuwa da Faransanci, ban kai ta likita ba. Na kai ta wajen Yaya Mamman, tunda shi ya gaji ɗorinka. Ya yi tofi, ya jera kara, ya ɗaure, ya ce kada a taɓa sai kwana arba'in. Aka kwance, ƙashi ya haɗu sumul. Sai dai hannun ya sandare kamar muciya, ba ya kaiwa baki. Yarinya 'yar shekara bakwai tana cin tuwo da hagu, ƙawayenta sun daina sa hannu kwano ɗaya da ita.

Na kai ta Magariya. Manjo, shugaban gidan likita, ya duba ya ce ba allura ba ƙwaya. A gasa da ruwan ɗumi, a lanƙwasa, a miƙe, safe da yamma, ko tana kuka. Yaya ya ce haka zai ɓalle ɗorin, kuma kai ba ka taɓa yi ba. Wa zan bi?

Amma Baba, ina tuna in ka kwance ɗori kakan shafa man shanu, ka miƙa wa mutum ludayin fura, ka ce ya sha da kansa, da hannun da ya karye. Kullum sai ya dawo zaurenmu ya sha, har mako biyu. Ban taɓa gaya maka ba, a lokacin kunyar sana'arka nake ji. Nakan ce wa abokaina gidanmu ba ɗori ake yi ba, kiwon mutane ake. Yaya ya ce furar nan sadaka ce kawai, ya bar ta da gero ya yi wuya. Sadaka ce, ko rabin aikin ne ka ɓoye a cikin ludayi? Me ya hana ka faɗa? Ko ka faɗa, ni ina can kaina cikin littafi?

Yanzu ina yin na manjo, ina haɗawa da ludayi, a bayan idon Yaya. In na riƙe gwiwar na danna, tana kuka tana kiran uwarta, sai in rasa gyara nake ko karyawa. Yatsuna alli suka sani, ba su san inda ake tsayawa ba.

Yau da safe ludayi ya zo saura yatsu uku ya kai bakinta. Ta saci kallona, ta sunkuyar da kai ta tarbe shi. Rabin furar ya zube a zani. Ban sani ba ko kai za ka karɓi wannan, ko za ka ce ta sake. Ni dai na ƙyale ta ta sha.

Allah ya haskaka makwancinka, ya kai haske kabarin waɗanda ke kusa da kai.

Ɗanka,
Isufu, daga Dantchiao